Waiwaye: yadda kalmomin bogi sunka zama ma'aunin karatu

Duk malamin firamare da ya taɓa ganin gwajin karatun yaran ƙananan azuzuwa da ake kira EGRA a nan Sakkwato ya san takardar nan mai cike da kalmomin da babu su a Hausa, abubuwa kamar nozi, lufe, gebi, a ba yaro minti ɗaya a ce ya karanta. Iyaye da yawa har da wasu malamai na ganin ɓata lokaci ne, wai mi za a ƙaru da shi in yaro ya karanta abin da ba ya da ma'ana. To abin ya daɗe, kuma ni dai a ganina mu ne munka fi kowa buƙatar shi.

Asalinshi ma ba don karatu anka faro shi ba, don hadda ne. A 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya fitar da binciken da ya yi a kan kanshi, ya haɗa gaɓoɓi marasa ma'ana sama da 2,000 yana haddacewa yana auna yadda yake mancewa, dalilinshi kuwa shi ne kalmar gaske kowa da irin sabon da ya yi da ita, amma ta bogi kowa baƙo ne gare ta. Shekara guda bayan haka James Cattell ya nuna in anka haska ma mutum rubutu na ɗan ƙiftawar ido, haruffa huɗu ko biyar kawai yake kamawa in a warwatse suke, amma in kalma ce sai ya kama ta dukanta ko da ta fi tsawo. Daga baya masu cewa a koya ma yara kalma dunƙule ba tare da sautin haruffa ba sun riƙa kafa hujja da wannan, kuma nan ne a ganina anka yi kwana.

A 1958 Jean Berko a Amurka ta zana wata 'yar halitta ta ce ma yara sunanta wug, ta ƙara ɗaya ta ce to yanzu su biyu ne, mi za a ce? Yara sunka ce wugs, alhali ba su taɓa jin kalmar ba, kenan ƙa'idar jam'in Turanci ce a kansu ba kwaikwayo ba. Ni kam ina son in ga an yi irin wannan da yaranmu, don jam'in Hausa ba ɗaya ba ne, nozi ɗin nan wani zai ce nozozi wani nozaye wani nozuna.

Wajen 1970 ne abin ya shiga ɗakunan bincike sosai. A zaunar da mutum gaban na'ura, rubutu ya fito, ya danna maɓalli in kalma ce ya danna wani in ba kalma ba ce, ana auna saurinshi. Dole a sa na bogi a ciki in ba haka ba sai ya yi ta danna e kawai. Nan anka ga tarkacen baƙaƙe irin xkrt nan take ake watsi da su, amma mai kama da kalmar gaske sai mutum ya ɗan yi jinkiri kamin ya ce a'a.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne na marasa lafiya. Masu bincike Marshall da Newcombe a 1973 sun kawo bayanin mutanen da ƙwaƙwalwarsu ta samu rauni karatunsu ya lalace ta fuska daban daban, sannan a 1979 Beauvois da Derouesné a Faransa sunka bayyana wani mutum da ke karanta kalmomin da ya sani lafiya lau amma 'yar ƙaramar kalmar bogi ta gagare shi. Irin wannan ne ya ƙarfafa ra'ayin masani Max Coltheart na cewa hanyar karatu biyu ce, ɗaya ka gane kalma don ka saba ganinta, ɗaya ka bi harafi harafi ka haɗa sauti. Seidenberg da McClelland a 1989 sun ce a'a tsari ɗaya ya isa, har yau ana ja, amma duk ɓangarorin da kalmomin bogi suke gwada hujjarsu.

Daga nan sai aji. EGRA an fito da shi a 2006, Ingila kuma tun 2012 take gwada 'yan shekara shida da kalmomi 40, rabi na bogi, har da hoton dodanni a gefe don yaro ya san suna ne ba kalmar da ya sani ba. A nan gida an yi EGRA da Hausa a Sakkwato da Bauchi a 2011 da 2013 ƙarƙashin NEI, shirin ilimi na hukumar agajin Amurka USAID, sakamakon kuwa abin kuka ne, mafi yawan yaran ƙananan azuzuwa ko kalma ɗaya ba su iya karantawa ba, kuma bayan haka ne shirin koyar da karatun Hausa na Mu Karanta ya zo. Wallahi ban yi mamaki ba, aji ne malam ya faɗa yara su amsa da ƙarfi, yaro ya haddace shafi kaf ka ɗauka ya iya, ka nuna mashi lufe ya yi tsit. Alhali bokon Hausa kusan yadda ake faɗi haka ake rubutawa, kuma mu da munka taso da babbaƙu da farfaru a makarantar allo mun san haɗa baƙi da wasali ba baƙon abu ba ne.

Sai dai a kula wajen ƙirƙirar su, dole su bi ginin gaɓar Hausa, a sa masu ɓ da ɗ da ƙ, kuma a ba Basakkwace ya duba, don abin da Bakano zai ce ba kalma ba ce wata ƙila a Gwadabawa ko Wurno ana faɗinta kullum. Kuma don Allah malamai kar a rubuta su a allo a sa yara su haddace saboda masu gwaji na tafe, a riƙa canza su duk lokacin da za a gwada.