Jin Ra'ayin Jama'a Wajen Kafa Ƙa'idojin Lantarki da Sadarwa a Najeriya

Jin ra'ayin jama'a mataki ne da doka ta ɗora wa hukumomin sa ido kafin su kafa ƙa'ida ko su sauya tsarin farashi. Hukuma za ta fitar da daftarin abin da take shirin yi, ta ba da wa'adi, ta karɓi ƙorafi da shawarwari a rubuce ko a zaman fili, sannan ta yanke hukunci tare da bayyana dalilanta. A Najeriya hukumomi biyu ne suka fi shafar aljihun talaka ta wannan fuska: Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, mai kula da kamfanonin waya da intanet, da Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta Ƙasa, wato NERC, mai kula da masu samar da wuta da masu dakonta da masu rarraba ta.

Dalilin wanzuwar tsarin

Majalisa ce ke yin doka, amma dokar majalisa ba ta faɗin nawa za a sayar da kilowat ɗaya ko kwana nawa kamfani zai ɗauka kafin ya gyara taransifoma. Waɗannan bayanai ana barin su ga hukuma, kuma kwamishinonin hukuma ba zaɓaɓɓu ba ne. Shugaban ƙasa ne ke naɗa su, Majalisar Dattawa ta tantance. Tun da babu ranar da za su koma wurin jama'a neman ƙuri'a, sai doka ta wajabta musu sauraron waɗanda hukuncinsu zai shafa. A harkar wuta buƙatar ta fi tsanani, domin mai layin waya yana iya sauya kamfani idan bai gamsu ba, amma mazaunin Kano ko Katsina ko Dutse da ke kan babban layin ƙasa ba shi da wani mai kawo masa wuta sai kamfanin rarraba wuta na Kano, wato KEDCO, kamar yadda na Sakkwato da Gusau da Birnin Kebbi ke hannun kamfanin rarraba wuta na Kaduna.

Amurka ce ta fi shahara da wannan salo. Dokar tsarin gudanarwa da ta yi a 1946 ta tilasta wa hukumomin tarayya, ciki har da FCC ta sadarwa da aka kafa a 1934, su wallafa daftarin ƙa'ida su saurari jama'a kafin zartarwa. Can ma tsarin bai tsira daga maguɗi ba. A 2017, lokacin da FCC ke shirin soke ƙa'idar da ta hana kamfanoni fifita wasu shafukan intanet a kan wasu, ta karɓi saƙonni sama da miliyan 22, amma binciken da ofishin babban lauyan jihar New York ya fitar a 2021 ya gano kusan miliyan 18 daga ciki na bogi ne. Hukumar makamashi ta FERC kuwa, majalisar ƙasar ta umarce ta tun 1978 ta buɗe ofishin taimaka wa jama'a shiga zamanta, ba a buɗe shi ba sai 2021.

Ɓangaren sadarwa

An kafa NCC da dokar soja mai lamba 75 ta 1992, a zamanin da NITEL, kamfanin waya na gwamnati, ke cin karenta babu babbaka. Ƙarfinta ya fara bayyana a Janairun 2001, lokacin da ta yi gwanjon lasisin wayar salula a bainar jama'a ƙarƙashin jagorancin Injiniya Ernest Ndukwe, aka sayar da kowane lasisi dala miliyan 285. Dokar Sadarwa ta 2003 ce ta ba ta ikon da take da shi yanzu, kuma a cikinta aka shimfiɗa matakan sauraron jama'a dalla-dalla. Kafin hukumar ta kafa ƙa'ida dole ta gudanar da bincike. Idan binciken na fili ne, sai ta sanar da batun da lokacin, ta ba jama'a aƙalla kwana 21 su gabatar da ra'ayinsu, ta duba abin da aka gabatar, sannan ta wallafa rahoton abin da ta gano. Wanda hukuncin hukumar ya cutar yana da haƙƙin neman a ba shi dalilai a rubuce, ya nemi ta sake dubawa, in bai gamsu ba ya wuce Babbar Kotun Tarayya.

Ta wannan hanya aka samar da ƙa'idojin rajistar layi, na ingancin sabis, da na kare haƙƙin masu amfani da waya na 2007. Baya ga haka hukumar ta ƙirƙiro taron da ta kira majalisar masu amfani da waya a 2003, inda ake zaunar da manyan jami'an kamfanoni gaba da gaba da abokan cinikinsu. Akwai lambar kyauta ta 622 domin kai ƙara idan kamfani ya kasa warware matsala, da lambar 2442 da aka fito da ita a 2016 domin toshe saƙonnin talla da suka addabi mutane. Wannan ta ƙarshe misali ce ta inda yawan ƙorafi ya haifar da mataki na zahiri.

Sai dai farashi yana bin wata hanya daban. Sashe na 108 na dokar ya ce kamfani ba zai ɗora farashi ba sai da amincewar hukuma, kuma a aikace wannan magana ta fi gudana tsakanin hukumar da kamfanoni. A ƙarshen Nuwamban 2016 mutane suka wayi gari da saƙonni daga kamfanoni cewa kuɗin data zai tashi daga 1 ga Disamba, saboda NCC ta ƙayyade farashin da ba za a sayar ƙasa da shi ba. Hujjar hukumar ita ce kare ƙananan kamfanoni daga manya masu karya farashi, hujja ce kuma da za a iya karewa da an gabatar da ita ga jama'a tun farko. Da hayaniya ta yi yawa, Majalisar Dattawa ta sa baki, hukumar ta dakatar da umarnin ana jajibirin fara aiki da shi. Haka kuma a ranar 20 ga Janairun 2025 NCC ta amince da ƙarin da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba, bayan kamfanoni sun nemi ninki, suna kuka da tsadar dizal da faɗuwar naira da kuma cewa farashi bai motsa ba tun 2013. Ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta sa ranar zanga-zanga, daga baya ta janye bayan an kafa kwamitin haɗin gwiwa da gwamnati.

Ɓangaren lantarki

A nan ne rikicin ya fi zafi, kuma ya fi daɗewa. Dokar gyaran fannin lantarki ta 2005 ce ta wargaza NEPA ta kuma kafa NERC. A ranar 1 ga Nuwamban 2013 aka miƙa wa 'yan kasuwa goma daga cikin kamfanonin rarraba wuta goma sha ɗaya da ke faɗin ƙasar, na Kaduna ya biyo baya a 2014. Tun 2008 hukumar ke amfani da tsarin farashi na shekaru da dama da ake kira MYTO, wanda ke lissafa kuɗin da kamfanoni ke buƙata domin biyan masu samar da wuta, gyaran kayan aiki da samun riba daidai gwargwado. Ana yi masa babban bita duk shekara biyar, da ƙaramin bita a tsakani domin la'akari da hauhawar farashi, canjin dala, kuɗin iskar gas da yawan wutar da ake samarwa. Doka ta ce kafin a sauya tsarin lissafin sai an sanar da jama'a an ba su damar yin magana, hukumar kuma ta sharɗanta wa kamfanoni su tuntuɓi abokan cinikinsu kafin su kawo buƙatar ƙari.

Bambancin nan tsakanin sauya tsarin lissafi da sauya alƙaluman da ake zubawa a cikinsa shi ne tushen yawancin saɓani. Hukuma na iya cewa ba ta taɓa tsarin ba, dala ce ta tashi sai lissafi ya bi ta. Mai walda a Sabon Gari ko mai injin niƙa a Funtuwa kuwa abin da ya sani shi ne katin da yake saya ya daina kai shi ƙarshen mako.

A Fabrairun 2016 aka yi ƙarin da ya kai kusan kashi 45 cikin ɗari, tare da soke kuɗin dole na wata-wata da ake biya ko an sha wuta ko ba a sha ba. Soke wannan kuɗi ya biyo bayan koke-koken shekaru, har da na majalisa. Amma ƙarin kansa ya kai ga kotu: a Yulin 2016 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta soke shi a ƙarar da wani lauya ya shigar, bisa cewa ba a bi matakan da doka ta tanada ba. NERC ta ɗaukaka ƙara. A Satumban 2020 aka shigo da tsarin biya gwargwadon wutar da ake samu, aka kasa masu amfani rukuni biyar: rukunin A aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC suka yi barazanar yajin aiki, aka dakatar da ƙarin na mako biyu aka koma teburin sulhu, sannan aka ci gaba da shi a Nuwamba.

Mafi girma shi ne na 3 ga Afrilun 2024, lokacin da aka ɗaga kuɗin rukunin A daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kan kowane kilowat na awa ɗaya, nan take. Hukumar ta ce abin ya shafi kimanin kashi 15 cikin ɗari na masu amfani ne kawai, kuma gwamnati ba za ta iya ci gaba da ɗaukar tallafin ba. Amma a cikin wannan kaso akwai asibitoci da jami'o'i da masana'antu, akwai kuma gidajen masu ƙaramin ƙarfi da suka tsinci kansu a kan layin rukunin A ba da zaɓinsu ba. Kwamitin Majalisar Dattawa ya yi zaman jin bahasi ne bayan an riga an fara caji. A watan Mayu aka rage zuwa naira 206.80, a cikin watan ne kuma 'yan ƙwadago suka yi cincirindo a ofisoshin NERC da na kamfanonin rarraba wuta. Ƙungiyar masu masana'antu ta MAN ta garzaya kotu.

Ga ƙorafin mutum ɗaya, matakan uku ne. Ana farawa da sashen ƙorafi na kamfanin, wanda aka ba kwanakin aiki 15. Idan bai warware ba sai a tafi zauren sasanci na NERC da ke jihohi, inda wakilan masu masana'antu, 'yan kasuwa, injiniyoyi da masu kare haƙƙin mai saye ke zama. Daga nan sai hukumar kanta. Yawancin ƙararrakin kan mita ne da bil na kintace, wanda hukumar ta sa wa iyaka da umarnin da ta fitar a Fabrairun 2020.

Su wa ke halarta

A takarda ƙofa a buɗe take ga kowa. A zahiri masu shiga su ne waɗanda ke da lauyoyi da akantoci da za su karanta daftari mai shafuka da yawa cike da alƙaluma. Sanarwa takan fito da Turanci a jaridun ƙasa da shafin hukuma na intanet, manyan zama kuma sun fi yawa a Abuja da Legas. A Arewa, inda rediyo ce babbar hanyar samun labari, sanarwar da ba ta bi ta gidan rediyo da Hausa ba kamar shela ce a kasuwar da ta watse. Ƙungiyoyin tireda, masu walda, masu ƙanƙara da masu cajin waya suna da shugabanci da tsari, kuma su ne suka fi sanin awa nawa wuta ke zuwa a unguwa, sai dai ba kasafai ake jin muryarsu a matakin daftari ba.

Wani giɓin shi ne na bayanai. Ba a iya ƙalubalantar farashi sai an ga lissafin da aka gina shi a kai: nawa kamfani ya kashe, nawa wuta ta salwanta a hanya, nawa ya kasa karɓowa. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman irin waɗannan takardu daga hukuma, amma fassara su aiki ne na ƙwararru, ƙungiyoyin masu amfani kuma ba su da kuɗin ɗaukar su. Shi ya sa tasirin jama'a a manyan hukunce-hukuncen 2016, 2020, 2024 da 2025 ya zo ne ta kotu, majalisa da barazanar yajin aiki, bayan an gama yanke magana. Wannan asara ce ga kowane ɓangare, har da kamfanonin, domin mai zuba jari ba ya son farashin da za a sanar yau a dakatar gobe.

Shigowar jihohi

A Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi damar yin doka kan samarwa da dakon da rarraba wuta har a yankunan da babban layin ƙasa ya ratsa. A Yunin shekarar Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sabuwar Dokar Lantarki da ta maye gurbin ta 2005. Jihar da ta yi tata dokar ta kafa hukumarta tana iya karɓar ikon sa ido daga NERC. Enugu, Ekiti da Ondo ne suka fara a 2024, daga baya wasu suka biyo, ciki har da Legas, Kogi, Neja da Filato. A 2025 hukumar Enugu ta rage farashin rukunin A a jiharta zuwa naira 160, matakin da kamfanonin samar da wuta suka yi wa ca, suna tambayar wa zai cike giɓin. A jihohin da suka karɓi ikon, dokar jiha ce yanzu ke fayyace yadda za a sanar da daftari, wa'adin da za a bayar da inda za a yi zaman. Sadarwa kuwa tana nan a hannun tarayya.