Waiwaye: Sammakon neman jami'a a Amurka da abin da yake ci a tallafin hazaƙa

Duk shekara, tsakanin 1 da 15 ga Nuwamba, ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare a Amurka sukan rattaba hannu a wata takarda mai shafi ɗaya. Ba su kaɗai ba: uba ko uwa sai sun sa hannu, haka ma jami'in ba da shawara na makarantarsu. Abin da takardar ta ƙunsa bai da yawa. Ɗalibi ya zaɓi jami'a guda, ya tura mata takardunsa tun kafin sauran jama'a, ita kuma za ta ba shi amsa a tsakiyar Disamba maimakon ƙarshen Maris. Idan ta ɗauke shi, magana ta ƙare. Zai janye duk takardun da ya kai wasu wurare, ya biya kuɗin kama gurbi, ya jira watan Agusta. Wannan shi ne sammako mai ɗauri, wanda suke kira Early Decision, a taƙaice ED. Akwai ɗan'uwansa mara ɗauri, Early Action ko EA, inda ake samun amsa da wuri amma ɗalibi na da damar yin nazari har 1 ga Mayu.

Tambayar da iyaye ba sa gajiya da yi ita ce: in yaro ya ɗaure kansa tun Nuwamba, jami'ar za ta ƙara ba shi tallafin hazaƙa kuwa? Tallafin nan da ake bayarwa saboda kyawun sakamako, ba don talauci ba. Jami'o'i sukan ce ba su bambantawa. Tarihin abubuwan biyu kuwa yana nuna dalilin da ya sa mutane ba su cika gamsuwa da wannan amsa ba.

Tushen sammako yana shekarun 1950. A lokacin Harvard da Yale da Princeton suna da wasu makarantun kwana na masu hali da ke kawo musu ɗalibai kowace shekara, sai suka riƙa ba waɗannan yara maki na A ko B ko C tun kafin lokacin ɗauka. Mai A ya san gurbinsa na nan, ba ya wahalar da kansa. Ƙananan kwalejojin yankin New England, irin su Amherst da Williams da Wesleyan da Bowdoin, sai suka ga kullum su ne 'yan ko-ta-kwana: yaro ya nema a wurinsu, su ɗauke shi, manya su kira shi, ya tafi ya bar su da kujera babu kowa. Maganin da suka samo a ƙarshen shekarun 1950 shi ne su ba da amsa da wuri, bisa sharaɗin wanda aka ɗauka ba zai waiwayi kowa ba. Kwalejojin mata na wannan yanki su ma suka bi. Wato tun ranar farko, tsarin an gina shi ne don kare kwaleji daga ƙwacen ɗalibai. Sauƙin da ya kawo wa ɗalibi, na sanin makomarsa kafin Kirsimeti, riba ce ta gefe.

Tallafin hazaƙa kuma hanyarsa daban ya biyo. Jami'o'i takwas na ƙungiyar Ivy, wato rukunin manyan da Harvard da Yale da Princeton ke ciki, tun 1954 suka yi yarjejeniyar ba za su ba ɗan wasa tallafi saboda wasa ba, kuma har yau ba sa ba da tallafin hazaƙa ko sisi. Abin da suke dubawa shi ne ƙarfin aljihun iyaye. Don kada wata ta saɓa ta bayan gida, su da MIT, wato Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, da wasu kwalejoji sukan zauna kowace bazara su kwatanta abin da za su ba ɗaliban da suka samu gurbi a wuri fiye da ɗaya, su daidaita adadin. Sun kwashe shekaru kusan talatin suna wannan zama. A 1989 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta fara bincike, a 1991 ta kira abin haɗin bakin ƙayyade farashi. Jami'o'in Ivy suka sa hannu cewa sun daina. MIT ce kawai ta tsaya a kotu, aka yi ta ja har aka sasanta a ƙarshen 1993. Majalisa ta buɗe wata 'yar ƙofa a 1994 ga jami'o'in da ba sa duba aljihu wajen ɗauka, su iya daidaita hanyar lissafin buƙata, amma zaman kwatanta ɗalibi ɗaya bayan ɗaya ya mutu. Daga nan kowa tasa ta fisshe shi.

Ƙasa da wannan rukuni na manya, gasa ta riga ta yi zafi. Daga ƙarshen shekarun 1970 yawan masu gama sakandare ya fara raguwa, kwalejoji masu zaman kansu suka shiga neman masu cike kujeru. A Kwalejin Boston, wani malamin kimiyyar fiziks da aka ba shugabancin ofishin ɗaukar ɗalibai, Jack Maguire, ya yaɗa tunanin cewa ɗauka da tallafi da talla duk aiki ɗaya ne, kuma da lissafi ake yinsa. Lissafin ba shi da wuya. A ce kwaleji na da dala dubu 40 da za ta yafe. Tana iya ba yaro ɗaya marar galihu duka, ko ta raba wa yara huɗu 'ya'yan masu hali dubu goma-goma, ta sa wa kuɗin sunan lambar yabo ta shugaban jami'a. Huɗun nan za su ji an karrama su, su zo, su biya ragowar. A nan ne mafi yawan abin da ake kira tallafin hazaƙa ya samo asali: rangwame ne da aka yi wa ado, ana ba wanda ake tsoron zai tafi wani wuri. Yau a kwalejoji masu zaman kansu, matsakaicin rangwamen da ake yi wa sababbin ɗalibai ya haura rabin kuɗin makarantar da aka rubuta a takarda. Jihohi ma sun shigo da nasu, tun daga shirin HOPE da Gwamna Zell Miller ya kafa a Georgia a 1993 da kuɗin caca, amma wannan dokarsa a bayyane take: ka kawo maki kaza, ka samu kaza.

Abin da ya haɗa igiyoyin biyu shi ne jadawalin mujallar U.S. News mai jera jami'o'i bisa daraja, wanda ya fara fitowa a 1983. Cikin abubuwan da yake aunawa har da kason masu nema da jami'a ta ɗauka, da kason waɗanda aka ɗauka suka amsa kira. Sammako mai ɗauri yana gyara lambobin nan biyu a lokaci guda. Wanda aka ɗauka a Disamba zuwansa tabbas ne, don haka kujera ɗaya mutum ɗaya take ci, alhali a zagayen Maris sai an ɗauki uku ko huɗu kafin ɗaya ya zo. Jami'ar Pennsylvania ta yi fice wajen amfani da wannan dabara don fita daga matsayin zaɓi na biyu. A tsakiyar shekarun 1990 Yale da Princeton da Stanford duk suka koma mai ɗauri. Daga baya mujallar ta cire kason masu amsa kira daga lissafinta a 2003, ta cire kason ɗauka a 2018, amma tuni jami'o'i suka ɗanɗana wani daɗin da ya fi na jadawali: sanin kuɗin shigarsu tun kafin sabuwar shekara.

Surutu ya tashi a farkon shekarun 2000. Shugaban Yale na lokacin, Richard Levin, ya fito a ƙarshen 2001 ya ce zai so a yi watsi da tsarin baki ɗaya. A 2002 Jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill ta soke nata, Yale da Stanford kuma suka sanar da komawa mara ɗauri, da sharaɗin ɗalibi ya yi sammako a wuri ɗaya tak. A 2003 wasu masu bincike uku, Christopher Avery da Andrew Fairbanks da Richard Zeckhauser, suka fitar da sakamakon nazarin dubban takardun neman gurbi, suka nuna cewa yin sammako daidai yake da ƙarin maki kusan 100 a SAT, jarrabawar neman shiga jami'a. Wannan lamba ita ta fi komai tayar da hankali, domin ta tabbatar da abin da makarantun masu kuɗi suka daɗe da sani suna gaya wa yaransu. Yaron da makarantarsa ke da jami'in shawara ɗaya ga ɗaruruwan ɗalibai, ko da ya ji labarin a Oktoba ya tashi da gudu, sai ya tarar duk sammakonsa wani a tafe ya kwana.

A Satumban 2006 Harvard ta soke sammakonta gaba ɗaya. Shugabanta na riƙo, Derek Bok, ya ce tsarin yana ƙara wa mai galihu galihu, ya kuma ambaci yadda ɗauri ke hana mai buƙatar tallafi kwatanta abin da jami'o'i suka yi masa tayi. Princeton da Jami'ar Virginia suka bi sahu. An zaci sauran za su biyo baya. Kusan babu wanda ya motsa, sai ma suka riƙa kwashe ɗaliban da waɗannan uku suka bari a fili. A Fabrairun 2011 Harvard da Princeton suka dawo da sammako mara ɗauri, Virginia kuwa har mai ɗaurin ta dawo da shi a 2019. A ganina wannan gwaji na 'yan shekaru ya fi duk wata muhawara bayani: ko Harvard ba ta iya fita ita kaɗai ba.

Akwai wani canji na 2019 da bai ja hankalin jama'a sosai ba, alhali shi ya fi shafar batun kuɗi kai-tsaye. Ƙungiyar jami'an ɗaukar ɗalibai ta ƙasa, NACAC, tana da ƙa'idar da ta hana kwaleji yi wa masu sammako alkawarin wata garaɓasa ta musamman, kamar ɗakin kwana mai kyau ko ƙarin tallafi, da kuma wata da ta hana zawarcin ɗalibin da ya riga ya ba wata jami'a kalmarsa. Ma'aikatar Shari'a ta ce waɗannan ƙa'idoji suna toshe gasa, ƙungiyar ta soke su a taronta na Satumban wannan shekara. Tun daga nan wasu kwalejoji masu neman ɗalibai ido rufe suka fara tallata ƙarin kuɗi ga mai sa hannu da wuri. To amma a lura da su wane ne ke yin haka: waɗanda ke tsoron kujerunsu ba za su cika ba. Wadda layi ya yi mata yawa ba ta da dalilin saya wa kanta abin da ta riga ta mallaka.

Shi ya sa amsar tambayar iyaye ta dogara da irin jami'ar. A Ivy da MIT da Amherst da ire-irensu maganar ba ta ma taso ba, tunda babu tallafin hazaƙa. Lissafin buƙata ɗaya ne a Disamba da Maris. A jami'o'in jihohi masu jadawalin maki a bayyane, lokacin nema bai canza komai ba muddin an cika wa'adi. Inda gizo ke saƙar shi ne tsakiya, a jami'o'i masu zaman kansu da ke raba rangwame bisa ganin dama. Suna iya ba mai sammako tallafi, kuma suna bayarwa. Abin da ba zai taɓa sani ba shi ne nawa za su ba shi da ya jira, da takardar wata jami'a a hannunsa. Iyalin da suka jira Afrilu sukan baza wasiƙu uku ko huɗu a kan tebur, su cire bashi daga kyauta a kowace, su buga wa ofishin tallafi waya su ce wancan ya ba mu kaza, ku me za ku iya yi? Sau da yawa akan ƙara. Iyalin Disamba wasiƙa ɗaya ce a gabansu, ga wa'adin 'yan makonni na biyan kuɗin kama gurbi, a jami'o'in da jimillar kuɗinsu ta shekara ke haura dala dubu 80.

Ana kuma yawan cakuɗa abu biyu. Manyan tallafin hazaƙa da dama suna da wa'adi na wuri: Jami'ar Emory na rufe nata a tsakiyar Nuwamba, Jami'ar Vanderbilt da Jami'ar Boston a farkon Disamba. Wannan wa'adin tura takarda ne kawai, ba ya buƙatar kowa ya ɗaure kansa. Tura takardu da wuri yana buɗe ƙofar kuɗi. Sa hannu a takardar ɗauri ne ke rage ƙarfin tayi.

Ga ɗalibin da ke nema daga waje, ciki har da 'yan Najeriya da suka fi kowace ƙasar Afirka yawan ɗalibai a Amurka, lamarin ya fi tsauri. Ba shi da haƙƙin tallafin gwamnatin tarayya, kuma jami'o'in da ke ɗaukar baƙo ba tare da duba aljihunsa ba 'yan ƙalilan ne, irin su Harvard da Yale da Princeton da MIT da Amherst da Dartmouth da Bowdoin. A sauran wurare, abin da ya rubuta cewa iyayensa za su iya biya yana cikin abin da ake dubawa kafin a ce masa e ko a'a.

Rigimar dai ba ta kwanta ba. Jami'o'i da yawa yanzu suna cike kusan rabin ajinsu, wasu fiye da rabi, ta wannan hanya, har an ƙara zagaye na biyu mai rufewa a Janairu. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Yunin 2023 da ya hana duba launin fata wajen ɗauka, jami'ar Virginia Tech ta soke mai ɗaurinta, amma kamar 2006, ba a samu tururuwar masu koyi ba. A Agustan 2025 wasu ɗalibai suka maka jami'o'i da kwalejoji 32 a kotun tarayya da ke Massachusetts, suna cewa mutunta ɗaurin juna da suke yi haɗin baki ne da ke tsadar da karatu.

Ita takardar ta Nuwamba ba kwangila ce da kotu ke tilasta wa mutum cikawa ba, kuma a cikinta akwai mafita: idan tallafin da aka bayar bai isa ba, ɗalibi na iya neman a sake shi. Ana sakin. Sai dai wanda aka saka a ƙarshen Disamba, in bai riga ya tura takardunsa wasu wurare ba, kwanaki kaɗan suka rage masa kafin wa'adin farkon Janairu, manyan tallafin hazaƙa kuma sun rufe tun makonni da suka wuce.