Ƙarewar Mai da Zubar Fetur a Mota

Ƙarewar mai ita ce mutuwar injin mota saboda fetur ko gas ɗin (wato dizal) da ke tanki ya yi ƙasa har famfo ya rasa abin da zai tura. Zubar fetur kuwa ita ce malalarsa a inda bai kamata ya taɓa ba, kamar jikin fenti, robobi, kan inji, ko cikin but. Makanikai kan haɗa su a magana ɗaya domin ɗaya ce ke jawo ɗaya. Motar da ta tsaya a hanya ba ta kai kanta gidan mai, sai an kawo mata a galan, kuma wajen ɗura shi da hannu a bakin titi ne yawancin zubar ke faruwa. A Zariya, inda hanyoyin Kano, Kaduna, Jos da Funtuwa suka haɗu, abu ne da ake gani kullum, musamman tun da farashin mai ya tashi a 2023.

Hanyar mai daga tanki zuwa inji

Tsofaffin motoci masu kafireta, irin Peugeot 504 da kamfanin PAN ya fara haɗawa a Kaduna a 1975, famfon mansu a jikin inji yake, juyawar injin ce kuma ke motsa shi. Idan mai ya ƙare musu, ba su cika yin wata asara ba. Motocin yau masu injekta, daga Golf da Corolla na haya har manyan motocin gida, famfonsu na lantarki ne, kuma a nutse yake cikin tanki. Yana tura mai da matsin da ya fi na iskar tayar motar ƙarfi, ta cikin filta, zuwa nozul da ke fesa shi cikin inji.

Fetur ɗin da ke ratsa cikin famfon shi ne ke sanyaya shi, shi ne kuma ke hana sassansa gugar juna a bushe. Da zarar ya fara zuƙar iska a madadin mai, sai ya yi zafi, ya fara ci. Sau ɗaya ba ya kashe lafiyayyen famfo. Abin da ke kashe shi shi ne ɗabi'ar yawo kullum da ɗan mai a gindin tanki. Alamar farko ita ce wani siririn kuka da ake ji daga ƙarƙashin kujerar baya, sai kuma motar ta riƙa jinkirin tashi da safe, ko ta riƙa ja da baya idan an taka totur a hawa.

Akwai maganar da aka saba ji a gareji cewa idan mai ya yi ƙasa famfo na kwaso dattin gindin tanki. Rabinta gaskiya ne. Bakin famfo dama a gindin yake, ko tanki a cike yake daga nan yake sha. Sai dai idan man ya ragu, tsatsa da yashi da ruwan da ke ciki sukan taru a ɗan abin da ya rage, su toshe ragar famfon da filta da wuri. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka kullum a ƙasa yake kwanciya.

Fitilar gargaɗi a yawancin motoci tana kamawa ne idan ya rage kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. A Corolla mai tankin lita 50, wannan na nufin wajen lita 5 zuwa 8. Amma ba a dogara da lissafin nan ɗari bisa ɗari, domin a hawa ko a kwana man na gudu gefe ɗaya ya bar bakin famfo fayau. Shi ya sa ake ganin mota ta mutu a hawan gadar Kwangila alhali da ɗan saura a tankinta. Ga kuma motocin Kwatano da yawa da gejinsu ya daɗe da mutuwa, direba da ƙiyasi yake aiki.

Lokacin da injin ya mutu

Motar kan fara shaƙewa, ta yi fizge-fizge, sannan ta yi shiru. A wannan ɗan tsakanin injin yana ƙona mai ba daidai ba, kuma hakan na dumama katalis, wato abin tace hayaƙi da ke cikin salansa, fiye da kima. Babban haɗarin dai a hannun direba yake. Sitiyari zai yi tauri, domin a motoci da yawa injin ne ke juya famfonsa. Birki kuma zai ba da taimakonsa na taku ɗaya ko biyu, daga nan sai ya ƙage, sai an danna da ƙarfin gaske. Bai mutu ba, nauyi ya yi. Kuskuren da kan kai ga hatsari shi ne direba ya murɗe makulli gaba ɗaya mota tana tafiya, sitiyari ya kulle. Abin yi shi ne a kunna fitilun gargaɗi, a bar motar ta gangara gefen hanya da sauran gudunta, a kafa alamar nan mai kusurwa uku da nisa. Ganyen da ake karyowa a jera a kan kwalta yana ɗan amfani da rana, amma da dare a hanyar Kano direban tirela ba ya ganinsa sai ya iso kansa. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta wajabta wa kowace mota ɗaukar wannan alama da tukunyar kashe gobara, kuma lambar kiranta ta gaggawa ita ce 122.

Motar gas ta fi wuya. Iska na shiga bututunta, kuma ba za ta tashi ba sai an fitar da iskar, aikin da sau da yawa sai da makanike.

Yanayin abin a Zariya

Ranar 29 ga Mayu 2023 shugaban ƙasa Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kuma kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a wurare da yawa. Wannan ya sauya yadda ake shan mai. "Oga, na nawa za a zuba?" in ji yaron gidan mai, amsar kuma ba ta cika zama "cika ta" ba. Ma'aikacin da ke zirga-zirga tsakanin Samaru da Kongo, ko direban da ke lodi zuwa Giwa, na dubu kaza yake sha, iya abin da zai kai shi ya dawo. 'Yan acaba da masu Keke Napep sun fi kowa iya wannan lissafi, har akan ga ɗan acaba ya kwantar da babur gefe ɗaya, ya hura bakin tanki, don ya tattaro ɗan abin da zai kai shi gidan mai na gaba.

Arewa ta daɗe tana jiran mai daga kudu. Matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, ta yi shekaru ba ta aiki, don haka tankoki ne ke haurowa da shi, kuma duk wata tangarɗa a hanya tana zama layi a gidajen man Sabon Gari da Tudun Wada. A nan 'yan bumburutu ke samun kasuwa, da galan-galan ɗinsu jere a bakin titi. Suna fitar da mutum kunya da tsakar dare, wannan ba a musu. Amma man da ya wuni a rana cikin roba, aka juye shi daga wannan jarka zuwa waccan, ba a rasa ƙura ko ruwa a cikinsa, wani lokaci ma da gauraye. Wanda ya ƙi layi ya sayi irin wannan kan yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Gurɓataccen mai ba a bakin titi kaɗai yake ba. A farkon 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Beljiyam, ya lalata injinan motoci, ya kuma jawo ƙarancin mai na makonni a faɗin ƙasar.

Ɗura mai da tayar da motar

Bakin tankin motocin zamani yana da wani ɗan murfi a ciki wanda sai an tura shi yake buɗewa. Mazurarin da aka yanko daga gorar ruwa gajere ne, ba ya kaiwa can, sai man ya dawo ya bi jikin motar ya sauka kan taya. Shi ya sa za ka ga mutum ɗaya ya tokare murfin da tsinke ko sukundireba, ɗayan yana tuttulawa, wani kaso na man da aka saya da tsada yana tsiyaya a ƙasa. Mazurari mai dogon wuya ko guntun tiyo yana maganin wannan. Lita 4 zuwa 5 ta fi dacewa, domin lita ɗaya a faffaɗan tanki ba lallai ta kai bakin famfo ba, balle idan motar a karkace take.

Bayan an zuba, a murɗa makulli har fitilun dashbod su kama, a jira daƙiƙa kaɗan a ji kukan famfo, a kashe, a maimaita sau uku ko huɗu, sannan a tayar. Dogon kik yana kashe batir. A motocin kafireta akan ɗiga ɗan fetur a bakinta don ta kama. Dabarar tana aiki, amma injin na iya yin tari ya watso wuta a fuskar mai leƙawa.

Abin da fetur ke yi wa jikin mota

Fetur abu ne mai narkar da maiƙo. Fentin kamfani yana da wani rufi mai sheƙi a samansa da ke jure ɗan taɓawa, don haka ɗigon da aka wanke nan take ba ya barin komai sai dai ya cire folish. Matsalar tana ga wanda aka bari ya bushe, sau da sau, a zafin Maris da Afrilu lokacin da rana a Zariya ke kusantar digiri 40. Sannu a hankali wani layi mai ruwan ɗorawa ke fitowa daga bakin tanki zuwa ƙasa, an fi ganinsa a farar mota. Motar da aka sake wa fenti a gareji da fenti mai araha ta fi saurin nunawa, domin wurin kan dushe, ya yi laushi, wani lokaci ya tattare. Gogewa da busasshen tsumma ƙara ɓarna take yi, musamman da hunturu, domin ƙurar da ke jikin motar ce ake dirzawa a kan fentin da ya jiƙe. A dangwale man da tsumma mai laushi, a bi da ruwa da sabulu.

Robobi kala-kala ne. Tiyon mai da tankin roba an yi su ne don su zauna da fetur. Robar bakin ƙofa, ta waifa da ta taya ba haka suke ba, sukan kumbura, daga baya su bushe su tsattsage. Murfin fitilar gaba ma, wanda a motocin yanzu roba ce ba gilas ba, yakan yi hazo ya yi zane-zane.

Zuba mafi wuyar sha'ani ita ce ta cikin but, idan galan ya kife. Man na ratsa kafet ya shige soso, ya gangara ramin safaya ya kwanta, ya narkar da baƙin danƙon da aka shimfiɗa a ƙasan motar don rage ƙara. Turaren mota ba ya kashe warin. Sai an fitar da kafet da safaya, an tsane man da yashi ko garin katako, an wanke da sabulu, an bar ƙofofi a buɗe a inuwa na kwanaki. Soson da ya sha sosai yarwa ake yi. Tiririnsa a rufaffiyar mota yana sa ciwon kai da jiri, kuma yana ɗauke da sinadarin benzin, wanda aka tabbatar yana jawo sankarar jini ga mai yawan shaƙarsa.

Akwai kuma zubar da ba a gani. Idan nozul ɗin gidan mai ya katse da kansa, tanki ya cika ke nan. Masu girgiza mota don a ƙara dannawa suna cike gurbin da aka bari domin kumburar man. Fetur na ƙaruwa da kusan kashi 1 cikin ɗari a duk ƙarin zafi na digiri 10, wato rabin lita a tankin lita 50. Rarar kan bi siririn bututun numfashin tanki ta jiƙa gwangwanin gawayin da aka yi don kama tiriri kawai. Daga nan motar sai ta riƙa warin mai, tana wuyar tashi bayan an sha mai, fitilar inji ta kama.

Wuta da lafiyar jiki

Ba ruwan fetur ne ke kamawa ba, tiririnsa ne, kuma yana fitar da tiririn da zai iya kamawa ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri. Ya fi iska nauyi, don haka a ƙasa yake rarrafe, ya bi kwata ya iske wuta a nesa, ko ta mai shayi ce ko ta mai tsire. Idan ya kai kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa, ko na kan batir ko na wayar fulogi. Man da ya zuba a kan inji mai zafi ana barinsa ya bushe sarai, bonet a buɗe, kafin a taɓa makulli. Da hunturu busasshiyar iska na tara lantarki a jikin roba da tufafi, shi ya sa ake sauke jarka ƙasa kafin a cika ta, ba a cikin but ba. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, ɗaukarta yake yi ya yaɗa ta. Yashi ko tukunyar kashe gobara mai hoda ake amfani da su. Abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024, inda mutum fiye da 150 suka rasu wajen kwasar man tankar da ta faɗi, ya nuna nisan da tiririn ke kaiwa.

Zuƙo mai da baki ta tiyo daga tankin wata mota ya zama ruwan dare a tashoshi. Ɗan kaɗan da ya sarƙe mutum ya shiga huhu yana iya ƙona shi ya jawo ciwon huhu mai tsanani cikin sa'o'i. Manja ko madarar da ake ɗura wa wanda ya haɗiya ba sa karya shi, suna ma iya sa amai, kuma a wajen aman ne man ke komawa huhu. Ba a sa shi ya yi amai. A cire masa rigar da ta jiƙe, a wanke fatar da sabulu, in yana tari ko numfashinsa ya sauya a wuce da shi asibiti nan take.