Bindigar airsoft ba kayan wasa kawai ba ce

An daɗe ana cewa bindigar airsoft, wato bindigar kwaikwayo mai harba ƙananan ƙwallayen roba da ƙarfin iska, ba ta koya wa mai harbi komai. Ba haka ba ne. A Japan aka ƙirƙiro ta a shekarun 1970, inda doka ta tsaurara mallakar bindiga. Da ita wani maharbi ɗan Japan, Tatsuya Sakai, ya yi yawancin atisayensa, ya je Amurka a 2004 ya lashe gasar saurin harbi ta Steel Challenge da bindigar gaske.

Bindigar airsoft tana gyara riƙo, saiti da jan kunama. Sai dai ba ta shurin hannu kamar ta gaske, babu ƙarar da ke firgita sabon shiga, iska kuma na kautar da 'yar ƙwallon robarta mai milimita 6. Ƙwallon nan fa tana tsiyaye ido, shi ya sa ba a harbi sai da tabarau na kariya.