Motsa Jiki da Ingancin Barci

Motsa jiki a kai a kai na daga cikin hanyoyin gyara barci da ba su buƙatar shan magani. A wajen likitoci, ana cewa rashin barci ya zama ciwo mai ɗorewa idan mutum yana shan wahalar kama barci, ko yana farkawa cikin dare barcin ya ƙi dawowa, aƙalla dare 3 a mako har tsawon wata 3, kuma abin yana shafar harkokinsa da rana. Kimanin kashi 10 cikin 100 na manya ke fama da shi.

A 1997 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun sa dattawa masu kukan rashin barci yin matsakaicin motsa jiki, irin su tafiya da sauri, na tsawon mako 16. Da lokacin ya cika, barci na saurin ɗaukarsu kuma yana daɗewa fiye da na waɗanda ba su yi ba. Wani nazari na 2015 da ya tattara bincike 66 ya nuna cewa ribar ta fi fitowa a ingancin barcin, ƙarin tsawonsa kuwa ɗan kaɗan ne. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin mai rashin barci yakan duƙufa kan ƙirga awanni, alhali abin da ya fi buƙata shi ne ya kwanta barci ya kwashe shi ba tare da juye-juye a kan shimfiɗa ba.

Hanyoyin da abin ke aiki suna da dama. Tun daga farkawa, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ke sa ido ya yi nauyi idan dare ya yi, ana kuma ganin aikin jiki yana ƙara wannan matsi. Ɗumin cikin jiki yakan sauka gab da barci. Motsa jiki yana ɗaga shi, saukarsa daga baya tana taimaka wa jiki ya saki. Wanda ke motsa jiki a waje da safe yana samun hasken rana, wanda ke daidaita agogon jiki da lokacin fitar melatonin, sinadarin da ke shirya jiki don barci. Ga kuma rage damuwa da fargaba, waɗanda sau da yawa su ne ke sa mutum ya kwana ido biyu yana saƙe-saƙe.

An daɗe ana hana motsa jiki da yamma. Nazarin da aka wallafa a 2019 kan bincike 23 ya nuna hakan ba ya ɓata barcin masu lafiya, sai dai mai tsanani da aka gama ƙasa da awa ɗaya kafin kwanciya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya su yi minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani. Ga mai rashin barci, haƙuri ya zama dole: amfanin yakan bayyana ne bayan makonni, ba a daren farko ba, kuma daren da aka yi fama yakan rage kuzarin fita washegari. Idan ciwon ya yi kanta, matakin farko da likitoci ke bi shi ne jinyar sauya tunani da ɗabi'un barci, motsa jiki kuma ya zama mataimaki. Mai munshari da numfashi ke ɗauke masa cikin barci ya kamata ya je a duba shi.