Waiwaye: yadda kemis ɗin unguwa ya koma asibitin talaka a Jos

Tun da aka hana sayar da maganin tari mai kodin a 2018, duk lokacin da aka garƙame wani shagon magani a Jos ko Bukuru sai musu ya kaure. Wasu su ce masu kemis ne suka lalata matasa, wasu su ce ba don su ba da talaka ya mutu a ɗaki. Amma maganar ta girmi kodin da tiramadol nesa ba kusa ba.

Farkonta sananne ne. Kuza ta tara jama'a, asibitocin mishan irin na Vom suka zo da ɗakin magani, makarantar koyon haɗa magani ta Zariya ta horar da masu ba da shi. Doka ta raba shago gida biyu: na mai ilimin harhaɗa magunguna, da na mai kemis, wanda lasisinsa bai wuce magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ba, su ma a cikin mazubinsu na asali.

Inda ake tsallakewa shi ne tsakiyar shekarun 1980. Ɗakunan magani na asibitoci suka bushe, majinyaci ya koma karɓar takarda ana ce masa ya saya a waje. Daga 1986 darajar naira ta zube, alhali kusan duk magani ko sinadarinsa daga ƙetare yake zuwa. A nan ne ciniki ya sauya kama. Mai shago ya sayo gwangwani mai ƙwaya 1,000, yana ƙirga wa kowa daidai kuɗin hannunsa cikin 'yar takarda. Da zarar ƙwaya ta bar gwangwani, sunan kamfani da lambar rukuni da ranar lalacewa duk sun tsaya a jikinsa. Ta gaske da jabu sun zama ɗaya a tafin hannu. Maganin kashe ƙwayoyin cuta da likita kan rubuta sau uku a yini har kwana biyar, wato kafso 15, sai a sayi uku ko huɗu. Zazzaɓi ya lafa, ƙwayoyin cutar da suka tsira su yi taurin kai. Nan ma "haɗi" ya samu gindin zama: "Oga, jikina ke ciwo, a haɗa mini na kuɗin nan." Kuma sau da yawa wanda ke bayan kanta yaron shago ne, ya koyi aikin da launi: ja da yalo na gudawa, fari na ciwon kai.

Sakamakon bai jima ba. A 1990 yara 47 suka rasu a Jos bayan shan ruwan farasitamol da aka haɗa da dayetilin gilaikol, guba mai kashe ƙoda, maimakon furofilin gilaikol, sinadarin da aka saba narkar da maganin a cikinsa. Sinadaran biyu duk ruwa ne garai mai ɗan kauri da zaƙi, ido ba ya rarrabewa in babu gwaji. Yaro ya fara amai da gudawa, sannan fitsari ya ɗauke.

An kafa NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a 1993, lambar rajista ta hau kan kwali, ƙwayoyi suka koma cikin kati. Sai almakashi ya maye gurbin gwangwani. Kati mai ƙwaya 10 a yanka shi uku, ranar lalacewa kuwa a gefe guda take, ta bi mutum ɗaya gida ta bar sauran biyun.