Harafi ɗaya a cikin 146: abin lura ga mai binciken furotin a intanet

'Yan uwa ɗalibai da ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, yanzu ko da wayar hannu za ka iya gano sunan furotin ɗin da ba ka sani ba, muddin kana da jerin amino asid ɗinsa, wato ƙananan tubalan da ake jerawa su gina furotin. Su ashirin ne, kowanne da harafin da ke wakiltarsa. Ka kwafi jerin, ka shiga shafin NCBI, cibiyar bayanan kimiyyar halittu ta Amurka, ka buɗe manhajar kwatanta jeri mai suna BLAST, ka zaɓi blastp, sashenta na furotin, ka liƙa. Nan da nan zai gwada shi da miliyoyin furotin da ke rumbunsa, ya jero maka waɗanda suka fi kama da shi. Tun 1990 ake aiki da manhajar nan, kuma ko sisi ba a biya. In sunan ya fito, sai ka leƙa UniProt, shafin da ke tattara bayanan furotin, ka karanta aikinsa da halittar da ke ɗauke da shi.

Inda nake so mu tsaya shi ne wajen karanta sakamakon, domin da yawa da sun ga kamanceceniyar ta kai kashi 99 cikin ɗari sai su rufe shafin, su ce aiki ya kammala.

Ɗauki silin beta, ɗaya daga cikin jerin amino asid da suka haɗu suka yi himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar iskar oksijin a jininmu. Amino asid 146 gare shi. Na mai lafiya yana farawa da VHLTPEEK, na mai sikila kuma VHLTPVEK. A gurbi na shida ne kawai balin (V) ya maye gurbin gulutamik asid (E), kamar yadda Vernon Ingram ya gano a Kambirij ta Ingila tsakanin 1956 da 1957. Balin ba ya shiri da ruwa, don haka da oksijin ya yi ƙasa sai ƙwayoyin himogulobin su manne da juna su yi zare-zare, jar ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje ta toshe ƙananan jijiyoyi. Ciwon ƙashin da ke hana yaranmu barci, da ƙarin jinin da iyaye ke fama da nemansa, duk daga wannan gurbin suka samo asali. Amma BLAST zai nuna maka kashi 99, ya kira shi himogulobin ɗin ɗan Adam, kuma gaskiya ya faɗa.

Saboda haka ka gangara ƙasa inda aka jera naka da na rumbun layi bisa layi, ka bi su harafi-harafi. Ka lura kuma, a UniProt, ƙarƙashin lamba P68871, za ka ga 147, domin sun ƙirga har da M na farko, wanda ake cirewa bayan an gina furotin ɗin, sai gurbi na shida ya koma na bakwai. In K ka gani a wurin, himogobulin C ne, wanda ya yawaita a arewacin Gana da Burkina Faso, a wajenmu ma akwai shi.

Duk wannan na bincike ne da karatu. Mai neman sanin jinin sa kafin aure, asibiti za a tura shi a ɗebi jininsa a gwada, abin da ya zama doka a jihar Kano tun 2024. In sakamako ya fito, don Allah a zaunar da masu niyyar auren a yi musu bayani a tsanake. AS da AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. AS da AC ma haka lissafin yake, sai dai SC ne, kuma shi ma sikila ne mai buƙatar kulawar likita.